Ni Ce Injin Motar Baba

Malaman da suka yi rubutu a kan halin ɗan Adam sun kasa kunya kashi-kashi, kowane kashi sun ba shi suna da misali, amma na duba iya dubawata ban ga wanda ya ambaci mafi girmanta ba. Dalilin a fili yake: babu ɗayansu da ya taɓa tura motar ubansa a gaban 'yan ajinsu. Wanda bai yi wannan ba, labarin kunya kawai ya ji a bakin mutane. Ni kuwa na karance ta tun daga tushe, a wani lungu na Kusfa cikin birnin Zariya, kuma hannuwana biyu ne suka ɗauki karatun.

Wata safiyar Litinin ce a daminar 1974, ina aji shida. Na kafa tafukana a bayan baƙar motar Baba, jakar littattafaina tana lilo a wuyana, ƙanena Bala yana ɗaya gefen yana nishi kamar wanda ake biya. Baba yana ciki, ya leƙo da kai ta taga yana cewa mu ƙara ƙarfi kaɗan, da irin muryar da yake tambayar ko akwai sauran miya. Lungun ba shi da faɗi, saboda haka 'yan makarantarmu da suka biyo hanyar suka jeru a jikin katanga don su ba mu wuri, suka manne bayansu da bango, suka zuba mana ido kamar an kawo musu majigi kyauta. Motar ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta saki wata ƙara tare da baƙin hayaƙi a daidai gaban rigata. Baba ya ɗaga mana hannu ya wuce ofis. Mu kuma muka karkaɗe jiki, muka bi sahun sauran yara da ƙafa. A ranar ne, da rana ta ɗaga, malaminmu ya tambayi aji abin da ke sa mota tafiya. Wani ya ce fetur, wani ya ce direba. Wani yaro mai suna Tanimu, wanda tun da aka sa shi makaranta bai taɓa ba da amsa daidai ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Hajara." Sunana ke nan. Har malamin sai da ya juya ya fuskanci allo na ɗan lokaci. Daga ranar sunana ya koma Inji, kuma akwai matan da yanzu suke da jikoki waɗanda ba su san ni da wani suna ba.

Baba, wato Malam Yusufu, akawu ne a wani ofishin gwamnati a bayan gari. Ya sayi motar ne shekara ɗaya bayan an gama yaƙin basasa, a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu, wanda shi ma ba sabuwa ya same ta ba. Ƙofofinta huɗu, kujerunta na fata duk sun tsattsage, cikinta yana warin mai da tsohuwar taba da wani abu na uku da har yau ban gano ba. Sitiyarinta a dama yake, don haka bayan an canza hannun tuƙi a ƙasar nan, duk wanda ya zauna a gaba shi ne idon direba, shi zai leƙa ya ce ko hanya ta yi a wuce babbar mota. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya cika tun a hannun Baturen, ya zagayo ya koma sifiri ya sake farawa. Baba yakan nuna wa baƙi wannan agogo ya ce a ilmin lissafi motar yarinya ce. Inna, mahaifiyarmu, takan ce daga cikin gida lallai kuwa, shi ya sa kullum sai an goya ta.

Hidimarta ta shiga cikin ayyukan gidanmu kamar yadda sharar tsakar gida da ba awaki dusa suka shiga. Da asuba, bayan na wanke tukwanen tuwon jiya, sai in ja ruwa a rijiya in cika galan biyu, ɗaya a ɗura wa lagireto, ɗaya a ajiye a baya don hanya, domin tana shan ruwa fiye da duk dabbobin gidan a haɗe. Tankin mai yana ɗiga, maganinsa sabulun wanki da ake murzawa a kan tsagar, har Inna ta koma ɓoye nata sabulun a cikin kwalla. Ƙofar baya ta hagu da igiyar guga aka ɗaure ta. Abin share gilashi ɗaya ne yake aiki, kuma na gefen fasinja ne, wanda ya ƙara wa mai zama a gaba girman muƙami. Duk waɗannan ƙananan larurori ne, irin na kowane tsoho. Babbar cutar ita ce ba ta tashi da makulli. Garba bakanike na Tudun Wada ya kwance abin da ke tayar da ita, ya jujjuya shi a hannu, ya ce sai an aika Legas. Legas ta ce sai an aika Ingila. Ingila kuma, kamar yadda labari ya iso mana, ta ce ta daina yin irinsa tun da daɗewa, tana ma mamakin jin akwai mai nema.

Allah ya taimake mu gidanmu a kan tudu yake. Baba yakan ajiye ta da yamma tana kallon gangara, a sa mata dutse a gaban taya. Da safe mu shiga, Bala ya janye dutsen ya faɗo ciki da gudu, ta gangara a hankali, Baba ya sa giya ya saki kuloci, ta yi firgigit ta tashi kamar wadda aka watsa wa ruwa. Da a ce duniya gangara ce tun daga Kusfa har ofishin Baba, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma a ƙarshen gangarar, daidai inda ƙasa ta kwanta ta yi lebur, nan zauren Malam Babba yake, kuma babu wani lungu da mota za ta iya bi sai wannan.

Malam Babba shi ya koya wa Baba karatu tun daga baƙi da wasali, kuma kakanmu ma a gabansa ya ƙarasa wasu littattafai. Tsoho ne siriri, fari tas da furfura, yana zaune a kan buzu daga can cikin zaure tun bayan sallar asuba, magidanta sun kewaye shi da littattafansu: madunka, marina, 'yan kasuwa, kowa yana ɗaukar karatunsa kafin ya tafi neman abinci. A birninmu kuwa ba a wuce malami a kan abin hawa. Mai keke tun daga nesa yake sauka ya turo shi, ya jingine, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaisar. Haka masu dawaki da jakuna suka yi kafin keke ya zo. Mota ce dai littattafai ba su yi maganarta ba, don haka Baba ya yi nasa ƙiyasin: idan mai keke saukowa yake yi, to mai mota kashe inji zai yi. Na sha jin yana cewa, "Wanda ya bar inji yana ƙara a bayansa yana gaida malaminsa, cewa yake yi, yi sauri ka amsa, ina da abin yi." Hujja ce mai kyau, ban taɓa samun inda ta ɓalle ba. Matsalarta ɗaya ce, ba shi ne yake tura motar ba.

Gaisuwar kuma ba ta gaggawa ba ce. A tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi karatu, a tambayi ruwa idan damina ce, a tambayi zafi idan bazara ce, a dawo a sake tambayar gajiya ko ta ƙaru a tsakani. Malam Babba yakan kafa wa Baba ido, yana amsa kowace a kan layinta cikin murya ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma amsar takan riga tambayar ƙarewa, abin da Baba yake ɗauka alama ce ta irin basirar da Allah yake ba bayinsa na kirki. Mu kuwa muna tsugune a waje kusa da takalman mutane, muna jiran aikinmu. Da farko ɗaliban zauren sun so su riƙa taimakawa, Baba ya hana, ya ce hannun da ke riƙe da littafi ba zai tura masa ƙarfe ba. Kuma ba ya yarda motar ta tashi a ƙofar zauren, saboda salansarta a fashe take, ƙararta kamar bindigar sallah. Sai mun tura ta shiru har mun wuce kwanar kududdufi, sannan a fara neman tashi. Da ta tashi kuma ba a tsayawa, kada ta sake shawara. Wannan ya sa idan aka auna, tafiyar da muke yi a cikinta ba ta kai wadda muke yi a bayanta ba. Mutanen unguwa suna cewa 'ya'yan Malam Yusufu a mota ake kai su makaranta. Gaskiyar ita ce mu muke raka mota bakin hanya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Alhaji Mudi, baban ƙawata Binta, wanda ya sayi sabuwar mota fara a shekarar da kuɗi suka yawaita a gari. Shi ma yakan tsaya a zauren, ya kashe inji, ya tuɓe takalmi, ya gaisar kamar kowa. Sannan ya dawo ya murɗa makulli da yatsu biyu, motar ta amsa kamar baiwar da aka kira. Ladabi ɗaya ne da na Baba, sai dai nasa a yatsa yake ƙarewa, namu kuwa sai ya bi ta kafaɗa da gadon baya. Binta takan ɗago mini hannu ta gilashi, cikin kirki ba da gatse ba, kuma wannan kirkin ya fi mini gatsen Tanimu ciwo.

Kada in yi wa motar rashin adalci. Ranar Lahadi takan fitar da mu ta Ƙofar Kuyambana zuwa gonar kakanmu, ta dawo da buhun dawa a baya da rake yana leƙowa ta taga, muna sha muna zubar da ɓawo a hanya. Babu matar da naƙuda ta yi wa tsanani a lungunmu da ba ita ta kai asibiti ba, samarin unguwa suna turawa, tsofaffin mata suna salati a kujerar baya. Da la'asar, idan tana hutawa a kan tudunta, a inuwarta muke yin carafke da 'yan duwatsu, Bala kuma yana ciki yana murɗa sitiyari yana yin ƙarar inji da baki, wanda a ganina ya fi na gaskiyar daɗin ji. A irin waɗannan lokuta ina son ta. Da safe ne kawai nake fatan ƙasa ta buɗe ta haɗiye ɗayanmu, ko ni ko ita.

A shekara ta gaba, ina aji bakwai, na ci rubutacciyar jarrabawar shiga sakandare, aka kira ni ganawar baki don shiga makarantar kwana ta 'yan mata. A wata makaranta da ke wajen Kongo za a yi, da safe, kuma shugaban makarantarmu ya ja mana kunne: gurbi kaɗan ne, 'yan mata da yawa, wadda aka kira sunanta ba ta nan an wuce ta ke nan, akwai masu jira a baya. Babu abin da nake so a duniya kamar wannan gurbi. Ina son karatu, gaskiya ne, amma zan yi ƙarya idan na ce ban lissafa cewa a makarantar kwana babu wanda ya san sunan Inji ba. Alhaji Mudi ya aiko a ce zai tafi da ni tare da Binta. Baba ya mayar da godiya mai yawa, ya ce a gaya wa Alhaji muna da mota.

Ranar ta zo da ruwa. Tun kafin asuba ake yi, bai ɗauke ba sai da gari ya waye sosai. Inna ta goge mini sabuwar rigata da dutsen guga, na sa farin takalmin kambas da na kwana biyu ina shafa wa alli. Muka shiga, Bala ya janye dutse, motar ta gangara, Baba ya saki kuloci, ta yi wani gunaguni ta ƙi. Ya taka birki tun kafin mu yi nisa. Aka kira maƙwabta, suka turo ta baya zuwa kan tudu, ni ina tsaye a kan dakali an hana ni taɓa komai saboda rigata. Baba ya kwance fulogai, aka kai wa Inna ta gasa su a bakin murhu kusa da tukunyar koko kamar masara. Muna cikin haka farar motar Alhaji Mudi ta bi ta gabanmu ta gangara, Binta a ciki. Rana tana ta hawa. Na daina kallon inuwar katanga don kada in yi kuka in ɓata kwalliyar da aka yi mini.

Da aka mayar da fulogai, Inna ta zo bayan ƙyauren zaure, inda iyakarta take, ta ce, "Malam, ko yau za ka ɗaga wa Malam Babba hannu kawai, in ya so da yamma ka koma ka gaishe shi?" Baba ya juya ya shiga mota. Haka yake yi da duk maganar da bai samu shafinta a littafi ba.

A karo na biyu sai da muka kusa cinye gangarar kafin ta kama, tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Bala bai samu shiga ba, an bar shi a sama riƙe da dutse. Ni kaɗai ce a gefen Baba. Ta gilashi ina hango gaban zauren Malam Babba, inda duk ruwan unguwa ya taru ya kwanta, taɓo ya kai idon sawu tun daga nan har kwanar kududdufi. Na dubi kambas ɗina. Na san idan aka kashe ta a nan, ko da na yarda na shiga taɓon, ƙarfina ni kaɗai ba zai motsa ta ba, kuma ko an taru an tura babu tabbacin za ta sake tashi a ranar. Baba ya taka birki daidai inda ya saba. Na ga hannunsa ya tafi wajen makulli, kamar yadda yake tafiya kowace safiya ba tare da ya yi shawara da shi ba.

Na ce, "Baba, don Allah."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Hannun ya tsaya a kan makullin. Ya juyo ya dube ni, ya dubi zauren, ya sake dubana. Sunan mahaifiyarsa gare ni, saboda haka ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, matso nan. Sa ƙafarki a kan wannan. Idan kin ji za ta mutu, ki taka kaɗan. Kaɗan fa." Ya fitar da giya, ya ja birkin hannu, ya tuɓe takalmansa a cikin mota, ya fita cikin taɓo.

Ƙafata ba ta kai totur ba sai da na zame daga kan kujera har idanuna suka yi daidai da ƙasan gilashi. Motar ba ta saba a bar ta a kunne a tsaye ba, don a iya sanina ba a taɓa neman haka a wurinta ba. Baba bai kai ƙofar zaure ba ta fara shaƙewa, sitiyari yana rawa a gaban fuskata. Na taka. Ban san mene ne kaɗan ba, babu wanda ya taɓa nuna mini. Ƙarar da ta fito daga fasasshiyar salansar nan ta cika lungun ta bugi katanga ta dawo. Kaji suka watse, wata mai koko ta saki ludayi a cikin ƙwarya, tantabarun gidan Malam suka tashi gaba ɗaya. Na ɗaga ƙafa a tsorace, motar ta fara mutuwa, na sake takawa. Haka muka yi ta yi, ni da ita, ta yi ruri, ta yi shiru, ta yi ruri.

Ta tsakanin sitiyari nake hango Baba. Ya durƙusa a bakin zauren, ƙafafunsa jage-jage da taɓo, bayansa a lanƙwashe fiye da kullum. Ɗalibai duk sun ɗago daga littattafansu, wasu suna kallonsa, wasu suna kallon ƙasa don su sauƙaƙa masa. Ina ganin muƙamuƙinsa yana motsi, yana jera gaisuwar nan ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba, kuma na san ko shi ba ya jin abin da yake faɗa. Sannan ya waiwayo ya nuna motar da hannu, na gane yana gaya wa Malam inda za mu, yana roƙa mini addu'a. Malam Babba ya ɗaga tafukansa. Duk zauren aka ɗaga. A daidai lokacin motar ta yi wata irin shaƙewa da na tabbata ita ce ta ƙarshe, na danna ƙafata har ƙasa. Addu'ar da aka yi domina, ni na binne ta da ƙafata. Mutane sai da suka ga Malam ya shafa fuska sannan suka san an kai wajen amin.

Baba ya dawo, na matsa, ya shiga ya ja mota da ƙafa ba takalmi. Kunnuwansa sun yi ja, abin da ban san yana faruwa da baƙin mutum ba sai ranar. Har muka isa Kongo sau ɗaya ya yi mini magana, ya ce in duba masa hanya zai wuce wata motar itace. A ƙofar makarantar bai iya raka ni ciki kamar sauran iyaye ba, tunda ba zai kashe ta ba kuma babu wanda zai taka masa. Ya ce Allah ya ba da sa'a, idonsa yana kan sitiyari. Na shiga da gudu, rigata fes, kambas ɗina fari tas, na tarar ana kiran sunan yarinyar da ke gabana a layi. Na shekara ina addu'ar ranar da zan isa wani wuri ba tare da hayaƙi a rigata ba. Ga ranar ta zo, kuma ban taɓa jin ƙazanta a jikina irin ta wannan safiya ba.

Da la'asar Baba ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya ce in biyo shi. Muka gangara da ƙafa. Ya durƙusa a gaban Malam Babba ya daɗe yana bayani, kansa a ƙasa, ya ɗora wa kansa laifin duka, bai ambaci ƙafata ba ko sau ɗaya. Tsohon ya jira har ya ga ya ɗago, ya yi murmushi, ya ce, "Madalla, madalla. Allah ya yi albarka." A hanyar komawa Baba ya ce, ba da ni yake ba, da kansa yake, "Ka ga manya. Bai ko nuna ya ji ba." Da Malam ya yi faɗa, ina jin da abin ya fi masa sauƙi. Wannan haƙurin ne ya zauna masa a ƙirji, kuma ni ma ya zauna mini, domin ina tafe a bayansa ina kallon sauran taɓon safe da ko wanka bai fitar daga fason dugadugansa ba.

Na samu gurbin. Baba kuma ya yanke wa kansa kaffara: daga ranar, tun daga tsakiyar gangara yake kashe inji, motar ta silalo shiru kamar jirgin ruwa, ta tsaya tun kafin ta kai zauren. Wannan ya ƙara wa turin tsawo, kuma da yake ni na tafi makarantar kwana, Bala ne ya biya kaffarar shi kaɗai da 'yan abokansa har ƙarshen shekarun 1970, lokacin da injin ya buga a hanyar gona, Garba bakanike ya duba ya ce wannan ko Ingila ba sai an tambaya ba. Bala yanzu yana da furfura, kuma duk sallah sai ya tuna mini cewa da kafaɗarsa na yi digiri.

Yau motata da yatsa ɗaya take tashi, ba ta tari, ba ta shan ruwan rijiya. Idan na shiga birni gilashina a rufe yake, in na ga tsoho a bakin hanya sai in ɗan danna ham in ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga, kowa ya ɗauka an gaisa. An zuba wa lungun siminti, an cike kududdufi an yi shaguna, zauren Malam Babba kuma wani jikansa yana cajin wayoyi a ciki. Ba wanda zai kashe inji dominsa, ba kuma wanda zai ji kunyar bai kashe ba. Wani lokaci idan na kai daidai wurin nakan sassauta, in ji tafukana suna neman wani ƙarfe mai sanyi da za su dafa.

Baba ya rasu bai daina ambaton wannan safiya ba, a matsayin rana ɗaya da ya yi wa malaminsa rashin ladabi. A zaman makokinsa, cikin matan da suka zo gaisuwa akwai Goggo Yalwa, 'yar Malam Babba, ta tsufa ƙwarai. Na ga dama ce in sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi, na matsa kusa da ita na ba ta labarin duka, tun daga fulogai a bakin murhu har ƙarar da na binne addu'ar mahaifinta da ita, na ce ina fatan ya yafe mana kafin ya bar duniya. Ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna girgiza. Na ɗauka kuka take yi.

Ta ce, "Wace ƙara, 'yar nan?"

Sannan ta rage murya, kamar har yanzu sirri ne, ta ce a cikin gida kawai aka sani, don shi bai so a sani ba. Gaisuwa ya san jerinta, bakin mutum yake kallo. Karatu kuma yana kansa, yatsan ɗalibi yake bi a kan takarda. Wani zazzaɓi ne ya tafi da jinsa gaba ɗaya, tun kafin a fara yaƙin basasa.

Bayan yaƙin muka sayi motar.